Karatun jami'a: yaushe kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu sa baki a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Hausawan Legas, daga Agege har Mile 12, daga Idi-Araba har Alaba Rago: shin kai yaro jami'a a wannan zamani riba ne, ko asarar kuɗi da shekaru? Mu malaman sakandare ne masu shirya yara wa jarrabawar fita da ta shiga manyan makarantu a nan Ikko, kuma iyaye muke so su saurare mu, tunda daga aljihunsu kuɗin ke fita.

Masu cewa asara ce ba su rasa hujja ba. Za su nuna maka mai digiri zaune ƙarƙashin lema yana POS, su nuna maka sa'ansa da ya tsaya a ƙaramar sakandare ya shiga gwari, yau ga shi da mata da fili a gida. Duk gaskiya ne. Inda muka saɓa da su shi ne yadda ake tara kowane irin karatu a kira shi jami'a, a yanke masa hukunci ɗaya. Wanda ya fito da digirin haɗa magunguna yana ɗan shekara 24, da wanda ya fito yana da 31 da kwas ɗin da aka cusa masa don shi ne ya rage, sakamakonsa kuma mai daraja ta uku, duka sun sa rigar yaye ɗalibai an ɗauke su hoto, amma ba abu ɗaya iyayensu suka saya ba. A ganinmu jami'a tana mayar da jarin da aka zuba mata idan an shiga ta ƙofar da hukuma ta sani, an karanta abin da ke da lasisi ko sana'a a ƙarshensa, an kuma gama da wuri da sakamako mai kyau. Idan ɗaya daga ciki ya kuɓuce, sau da yawa gara a ce yaron ya tsaya a kasuwa tun farko. Ɗan gwari ba ya loda motar tumatir daga Kano sai ya san kuɗin mota da kwanakin hanya da yadda kwando ke tashi a Mile 12, amma shi ɗin ne zai zuba shekara biyar ta ɗansa a makaranta bai yi tambaya ko ɗaya irin wannan ba.

Mu fara da kuɗi. Kuɗin makaranta shi iyaye ke fara tambaya, alhali a jami'ar gwamnati shi ne ƙarami a lissafin. A 2023 Jami'ar Legas da ke Akoka ta ɗaga abin da tsofaffin ɗalibai ke biya daga ƙasa da naira dubu 20 zuwa sama da dubu 100, na ɗaliban likitanci ya kai dubu 190, sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga aka ɗan rage. An yi ta kuka a kai, amma a Legas kuɗin mota ya fi wannan cin aljihu. A ce yaro daga Agege yake tashi zuwa Akoka, ko a danfo ta Oshodi ko a jirgin ƙasan da ke bi ta Yaba, a ce zuwa da dawowa da ɗan abin da zai sa a ciki naira 2,500 ne a rana (kowa ya sa adadin da ya dace da unguwarsa). Kwana biyar a mako, mako 32 a shekarar karatu, ya kama naira dubu 400. Gado a ɗakin kwanan ɗalibai sai mai rabo. Ɗaki a Akoka ko Bariga ko Abule-Oja kuwa sai an biya na shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Ba a zo kan littattafai ba, da kwamfuta, da data, da aikin bincike na shekarar ƙarshe wanda ke cinye kuɗi ba a shirya masa ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a biya, amma ana rasa shi. Yaron da ke tsaron shagon mahaifinsa ko yake ƙarƙashin wani maigida, a ce yana tashi da naira 3,000 a rana, kwana 26 a wata, a shekara ya haɗa dubu 936. A shekara huɗu ya haura miliyan uku da dubu ɗari bakwai, ban da sanin kasuwa da abokan ciniki da zai tara. Duk wanda zai yi lissafin gaskiya sai ya ɗora wannan a kan kuɗin karatu.

Shekara huɗun ma a takarda take. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ƙara da jiran sakamako, da jiran a kira ɗalibi hidimar ƙasa, da shekarar hidimar kanta. Mai kwas na shekara huɗu ya ƙiyasta shida zuwa bakwai daga ranar da ya zana JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, zuwa albashin farko. Injiniya shekara biyar ne kafin hidimar ƙasa. Lauya biyar, sai shekara guda a makarantar horar da lauyoyi. Likita shida, sai shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa, takwas ke nan idan ba a samu tangarɗa ko ɗaya ba.

Me ake samu a ƙarshe? Alawus ɗin ɗan hidimar ƙasa naira dubu 77 ne tun daga 2025, bayan shekaru yana dubu 33. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa dubu 70 ne tun 2024, na Jihar Legas dubu 85, kuma masu digiri da yawa da ke koyarwa a ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwa ko wannan ba sa samu. Ba za mu ɓoye wa kowa ba: a shekarun farko bayan kammalawa, ɗan kasuwar da ya iya kasuwa yana gaban mai digiri, wani lokaci da nisa.

To me ya sa muke cewa a je? Ku dubi abin da ya sami sana'o'in da matasanmu suka fi dogara da su a garin nan. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba ta ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Baburan da aka kama, murƙushe su aka riƙa yi. A Maris 2024 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a rana ɗaya, bayan nan ya ce mai son sabon lasisi ya kawo jarin naira biliyan biyu, ko miliyan 500 ga ƙaramin rukuni. Sa hannun mutum ɗaya a ofis ya isa ya rufe sana'ar da ta ciyar da unguwa shekara talatin. Gobarar kasuwa da rusau ma kowa ya san su. Lasisin nas ko na mai haɗa magunguna ba ya ƙonewa tare da rumfa, kuma mai shi zai iya ɗaukarsa ya koma Kano ko Sakkwato ya ci gaba da aiki.

Sannan akwai ƙofofin da ba sa buɗuwa sai da kwali. A aikin gwamnati mai digiri yana farawa a mataki na 8. A kwastan da hukumar shige da fice yana shiga a sahun sufurtanda, mai takardar sakandare kuwa daga mataki na 3 ko na 4 zai fara rarrafe. Yaron da aka haifa a Agege yana jin Hausa da Yarabanci da buroka, ga Turancin makaranta, kuma idan ana rabon guraben aikin tarayya da kason jiharsa ta asali ake lissafa shi. Wannan babban jari ne da ba mu cika lura da shi ba. Ko a cikin kasuwar ma, riɗi da citta da zoɓo da ƙaro daga Arewa suke zuwa, ta tashar Apapa da Tin Can suke fita, amma rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, da cike fom ɗin fitar da kaya na NXP a banki, da karanta yarjejeniyar mai saye daga waje, galibi a hannun wasu suke, kuma a nan riba mai kauri take. Gidan da ke da babban ciniki amma ba shi da akawunsa ko lauyansa, kullum sai ya biya bare ya karanta masa takardar da zai sa wa hannu.

Amma mafi yawan asarar da muke gani ba a cikin jami'a take faruwa ba, tun kafin a kai bakin ƙofa ake tafka ta, kuma nan muke so mu daɗe.

Ta farko a ajin farko na babbar sakandare take, ranar da ake raba yara kimiyya da kasuwanci da adabi. Yaro ya bi abokinsa, uba bai ma san an yi rabon ba. Bayan shekara uku a zo ana cewa ana so ya zama likita, alhali bai taɓa shiga ajin Kemistiri ba. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kwas ne ke tsayar da su. Likitanci da aikin jinya da haɗa magunguna suna son Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniya yana son Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Akanta yana son Lissafi da Tattalin Arziki da wani darasi na zamantakewa. Lauya sai da Adabin Turanci, kuma wannan darasi ya kayar da yaranmu da yawa, domin sukan guje masa su ɗauki abin da suke gani ya fi sauƙi. Wanda ya haɗa darussa ba daidai ba, ko ya ci maki 300 ba za a ɗauke shi ba.

Ta biyu suna ne, kuma wannan ciwonmu ne mu Hausawa musamman. A katin NIN an rubuta Muhammad, a takardar WAEC Mohammed, a shaidar haihuwa Muhammadu. Wani a nan sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a can sunan garinsu. Ranar haihuwa kuma mai cike fom ya ƙirƙiro 1 ga Janairu don ya huta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma abin da ke cikin NIN shi kwamfuta ke kwasowa, harafi da harafi. Saɓanin ba ya bayyana ranar rajista. Sai ranar tantance takardu, ko shekara biyar bayan haka lokacin tura sunaye hidimar ƙasa, sannan a shiga zaryar kotu ana rantsuwa ana buga sanarwa a jarida. Maganinsa kyauta ne idan an yi shi da wuri: kafin yaro ya yi rajistar WAEC ko NECO, uba ya ajiye NIN da shaidar haihuwa da rajistar makaranta gefe da gefe, ya tabbata rubutun suna da jerinsa da ranar haihuwa iri ɗaya ne. Haka layin waya. Lambar sirrin fara rajista ana samunta ne ta hanyar tura NIN zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da aka tura da shi ya zama na ɗalibin har ya gama. Kada a yi da layin mai shagon intanet, kada a yi da layin yayan da gobe zai tafi Arewa da wayarsa.

Ta uku takardar asalin ƙaramar hukuma. A ƙa'idar jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, waɗanda suka haɗa da Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Zamfara, Kebbi, Bauchi, Borno da Yobe. Jihohin kewayen Jami'ar Legas su ne Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti, kuma asali ake dubawa ba wurin zama ba. Ma'ana yaron da aka haifa a Idi-Araba, kakansa ma a nan ya tsufa, ba ya cikin kaso na biyu. Yana iya shiga na uku, amma sai da takardar ƙaramar hukumarsu ta Arewa. Iyalai da yawa sun yi shekaru ba su taka gida ba, sai ana saura mako guda a rufe tantancewa a fara neman wanda ya san mai gari. Da wannan takarda kuma yake zama ɗan yanki a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, inda haya da abinci suka fi na Legas sauƙi nesa ba kusa ba, musamman ga mai dangi a can. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wadda ke maƙwabtaka da Alaba Rago, tana ɗaukar baƙi, amma 'yan asalin jiha take fifitawa kamar kowace jami'ar jiha, don haka sai yaro ya je da maki mai ƙarfi.

Ta huɗu rashin fahimtar maki. A 2025 hukumar JAMB ta tsayar da 150 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Sai uba ya ji ɗansa ya ci 170 ya fara karɓar barka. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai, kowace makaranta tana da nata. Jami'ar Legas ba ta duba wanda bai kai 200 ba, ba ta duba wanda bai sa ta zaɓin farko ba, kuma kiredit biyar take so a zama ɗaya, ba a haɗa WAEC ta bana da NECO ta bara. A shekarar 2025 sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi, cikin kusan miliyan biyu da suka zana, ba su kai 200 ba. A tsarin da jami'ar ta saba bi, ana raba makin JAMB gida takwas ya ba da kashi 50, jarrabawar tantancewa ta makaranta kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20, inda A1 ke da maki 4, C6 kuma 2. Ku lura da abin da wannan ke nufi. Mai A1 biyar yana da 20, mai C6 biyar yana da 10, kuma wannan tazara ta goma daidai take da maki 80 a JAMB. Yaron da aka saya wa C6 a cibiyar satar amsa an cuce shi sau biyu, bai iya karatun ba, kuma makin bai kai shi ko'ina ba.

Ta biyar ita ce mafi ɗaci, domin sai an gama kashe kuɗi take bayyana. Tun 2017 duk gurbin karatu na gaskiya ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake fitowa. Ɗalibi zai ɗora sakamakonsa na sakandare a kai, idan an ba shi gurbi ya shiga ya karɓa da kansa cikin wa'adin da aka ɗiba, ya buga takardar shaidar ɗauka. Duk wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, ka kawo kuɗi yaro ya fara shiga aji daga baya a gyara, ka riƙe kuɗinka. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba a tura shi hidimar ƙasa. Haka kwas ɗin da ba a amince da shi ba. Makaranta tana iya zama halastacciya amma wani kwas a cikinta bai samu amincewar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ba, ko hukumar ilimin fasaha ta NBTE idan kwalejin fasaha ce, ko ya samu tasu bai samu ta hukumar sana'ar ba, irin su COREN ga injiniyoyi da majalisar likitoci da ta ma'aikatan jinya. Jerin yana shafukansu na intanet, dubawar minti goma ce. Mu a Legas muna da ƙarin jarabawa, wato Kwatano ta Jamhuriyar Benin, tunda iyakar Seme nan kusa take. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga can cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i biyar kacal ta yarda da su a Benin, uku a Togo, kuma sama da mutum dubu 22 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Har yanzu dillalan ba su daina yawo a unguwanni ba, kuma masu kuɗin gwari da na shanu suka fi hari, domin sun san akwai kuɗi, akwai gaggawa.

Idan an shiga lafiya, sauran magana ta darajar sakamako ce da shekaru. A ma'aunin 5, daraja ta ɗaya daga 4.50 take, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramarta daga 2.40. Bankuna da manyan kamfanonin Ikeja da Victoria Island da Lekki, idan suna ɗaukar sababbin ma'aikata, sukan nemi babbar daraja ta biyu, wasu su sauko ƙaramar, su kuma ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Ajin farko ne ke gina wannan maki ko ya rusa shi, domin matsakaici ake ɗauka, kuma wanda ya fara da 2.0 zai yi shekara uku yana tattaki bai kai 3.50 ba. Abin da ke kayar da yaranmu a wannan aji sananne ne: Turancin rubutu, da raba hankali tsakanin lacca da shago. Muna goyon bayan yaro ya riƙe kasuwa a Asabar da Lahadi da lokacin hutu, hasali ma shi ne abin da ke hana shi zaman banza bayan ya gama. Amma uban da ke kiran ɗansa daga ɗakin gwaji ranar Talata don mota ta iso, shi ya zaɓar masa daraja ta uku. Batun shekaru kuma, wanda ya haura 30 ranar kammalawa takardar yafewa ake ba shi maimakon hidimar ƙasa, mai karatun wucin gadi na ƙarshen mako ma ba ya zuwa. Shi ya sa zana JAMB sau huɗu ana jiran likitanci ba dabara ba ce. Bayan gwaji na biyu a sauya kwas, ko a bi ta JUPEB ko IJMB, karatun kusan shekara guda da ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye.

Ba kowane yaro ne na jami'a ba, kuma faɗin haka ba zagi ba ne. Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ke nan tun 1947, tana ba da ƙaramar difloma a shekara biyu, sai shekarar koyon aiki a kamfani, sai babbar difloma shekara biyu. Amfaninta shi ne ana iya tsayawa a tsakiya da takarda a hannu, ko a tsallaka jami'a aji biyu. Aibinta kuma a sani: a aikin gwamnati an saba tsayar da mai babbar difloma a mataki na 14, kuma ƙudurin soke wannan bambanci da majalisa ta zartar a 2021 bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Jihar Legas tana da kwalejojin koyon sana'a a Agidingbi, Ikotun, Ado-Soba, Ikorodu da Epe, inda ake koyon wayarin, walda, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki da kanikanci, a fita da takardar hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB. A garin da gini ba ya tsayawa, ƙwararren mai haɗa sola ko mai walda mai takarda ba ya rasa aiki. Yaro mai kan lissafi da ba za a iya sakinsa daga shago ba, yana iya zana jarrabawar ATS ta cibiyar akantoci ICAN da takardar sakandare kawai, mataki uku ce, daga nan ya wuce ta ƙwararru.

'Ya'ya mata kuwa, lissafinsu ya fi na kowa fitowa fili, kuma su aka fi tauyewa. Unguwar Hausawa ta Idi-Araba maƙwabciyar asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ce da kwalejin likitancinta, amma matar da ba ta jin Turanci ko Yarabanci takan je awo da ƙaramin ɗanta a matsayin tafinta, ta faɗa masa abin da ko mijinta take jin nauyin faɗa wa. Nas ko ungozoma ko likita mai jin Hausa a Legas ba za ta nemi aiki ta rasa ba, kuma aure ba ya soke lasisi. Abin da muke ba da shawara shi ne a yi maganar karatun ƙarara lokacin neman aure, a san wa zai biya, a san ina za ta zauna, kada a bar shi a "za a duba".

Wanda kuɗi ne matsalarsa, akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali ta fuskar addini. Asusun yana biyan makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira dubu 20 a wata idan ya nema, kuma ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na albashi ko na ribar sana'a. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibi ta makaranta, wanda ya sake mayar da mu kan daidaita suna. Dubu 20 ba za ta riƙe kuɗin motar Legas ba, kuma bashi ne, sai an biya. Bai kamata a ci shi a kan kwas ɗin da ɗalibin kansa ya kasa faɗin wane aiki ake yi da shi ba.

Muna roƙon sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwa da limamai su ɗauki abu ɗaya mai sauƙi: kafin a buɗe rajistar JAMB, wadda ta saba faɗowa a farkon shekara, a ware rana a harabar masallaci ko makarantar Islamiyya, iyaye su zo da takardun yaransu na aji uku na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babba, malamai su duba suna da ranar haihuwa da haɗin darussa, a rubuta sunayen waɗanda ba su da takardar ƙaramar hukuma, a ba wani amintacce mai tafiya gida ya karɓo musu a tafiya ɗaya.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu malaman sakandare,
Agege, Legas.